Sawun da Ya Bi Inuwa

Ƙarfe huɗu na yammacin Asabar muka sake buɗe silimar Kallinikos bayan hutun zafin tsakar rana, muka tarar da bangon bayan kantar shayi babu komai sai ƙusa. Mai Shuɗiyar Riga ta yi ƙafa.

Haka duk Mulgarra ke kiranta. Zane ne na allin launi, mace ta juyo da kafaɗa tana riƙe da mafici, an yi shi a 1934 don a buga kalandar wani kamfanin sabulu. Kalandun dubbai aka buga, amma ita ce uwar da aka kwafa, guda ɗaya tak. Mahaifin Baba Stavros, mai wurin a yanzu, shi ya rataye ta da hannunsa shekarar da ya gina silimar, ni kuma, Beryl Quinlan, shekara talatin da ɗaya ina zuba shayi a ƙarƙashinta.

Baba Stavros yana da shekara tamanin da huɗu. Ya dubi ƙusar, ya zauna a matakala. Makon baje koli ne, lokacin da masu tara tsoffin hotunan taurarin fim da kalandu ke cika mana gari da farar safar hannu, matansu sun ci ado irin na kakanninmu. Kafin minti biyar zauren ya cika da su, kowa na salati irin nasa.

Sai Madam Glenys Trembath, shugabar kwamitin tarihin gari, ta ɗaga murya yadda na bakin titi zai ji.

"Wai ina Col ne?"

Col ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya saci maruƙa shekarun baya, ban taɓa musa wannan ba, ya yi shekara biyu a gidan yari. Sakin talala aka yi masa da sauran shekara uku a kansa, in ya yi ko da tari ba daidai ba zai koma ya cika su. Baba Stavros kaɗai ya ba shi aiki a garin nan, shara da gyare-gyare. Kullum da rana yakan cire takalmansa a ƙofar baya, don Baba ya hana taka kafet da takalmin aiki, ya bar ƙofar a buɗe saboda iska, ya hau ɗakin na'urar haska fim ya kwanta. Wannan ko karnukan Mulgarra sun sani.

Ya sauko yana murza ido. Saja Hollis, ɗan sandan garin, ya leƙa filin baya, ya ga sawun takalmin Col a cikin yashi tsakanin shinge da ƙofa, bincikensa ya ƙare ke nan. Ya saka masa ankwa, ya zaunar da shi a gefen kwalta a gaban silima, ba hula, ba takalmi, ya koma ciki yana rubuta bayanan manyan baƙi a ƙarƙashin fanka. Watan Janairu ne, tsakiyar bazara a ƙasarmu, zafin da ke narka kwalta. Awa ɗaya da rabi ƙanena ya yi a wurin. Na kai masa ruwa aka ce in ja baya. Mutanen da na yi wa shayi shekara talatin suna tsaye a inuwar baranda suna kallo, Madam Glenys a gabansu tana fifita da takarda.

"Yaya," Col ya ce da ni da za a saka shi a mota, "na rantse ban taɓa ta ba."

Saja ya ce Litinin da safe za a wuce da shi babban gari. Ranar nan da na sami ashana da na ƙone Mulgarra.

* * *

Gari na wayewa na tafi gidan Goggo Dulcie Barr, can bayan mayanka. Kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mutanenta ne a ƙasar nan tun kafin a san akwai wani abu wai shi shinge. Mahaifinta ya yi wa 'yan sanda bin sawu shekara ashirin, ko sunansa ba a rubuta a bangon ofis ba. Ita ma bara ta nemo wani ɗan yawon buɗe ido da ya ɓata kwana uku a daji, aka ba Saja Hollis lambar yabo, ita aka ba ta kwalin biskit.

Na same ta tana shan shayi a gwangwani. Ban gama bayani ba ta ɗaga min hannu.

"Na ji tun jiya. Zauna, 'yar nan, kina ta huci kamar kububuwa. Mutum nawa suka tattake filin?"

"Saja kaɗai. Sauran tsoron ƙarangiya ya hana su."

"To ƙarangiya ta yi aikin da hukuma ta kasa." Ta ɗauki hularta. "Amma ki sani, ƙasa ba ta da ƙane. In ta ce shi ne, shi ne zan faɗa."

Na ce na yarda.

Filin bayan silima bai fi taku arba'in ba. Bangon zauren yana gefe ɗaya, tankin ruwa a tsakiya bisa ƙafafun ƙarfe, shinge da ƙaramar ƙofa a ƙarshe, sai lungu mai kwalta. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa hannuwa a baya, ta daɗe har na fara ƙosawa. Sannan ta nuna sawun da Saja ya gani, ga shi ɓaro-ɓaro a cikin yashi, miƙe kamar an ja zare.

"Ina yatsun suka dosa?"

"Ƙofa," na ce.

"Dawowa ke nan. To ina na fita? Ko ƙanen naki tashi ya yi sama ya sauka a lungu?"

Ban taɓa tunanin haka ba, Saja ma haka, shi da ake biya don ya yi tunani. Ta bi gindin bango a sunkuye, inda ƙasa ke da tauri, tana nuna min abubuwan da ni dai ban ga komai ba sai da ta ɗora yatsa: tsakuwa da ta juya, ƙarangiya da ta murƙushe, rabin dunduniya. Sawun ya bi bango har kusurwa, ya tsaya, ya yi wani dogon taku guda zuwa wajen tanki. Daga nan sai ya yi baka a tsakiyar fili, inda babu dutse babu rami babu abin da za a kauce wa, ya kewaya kamar mai zagaya wani abu da ba a gani, ya fita ta shinge.

"Takalmin Col ne," ta ce. "Amma ba ƙafar Col ba ce a ciki. Dubi yadda dunduniya ke jan ƙasa. Ƙafar ta yi wa takalmin kaɗan, tana iyo a ciki. Takun gajere ne, na hagu kuma yana buɗewa waje."

"To mu je mu gaya wa Saja!"

"Ya ce ƙanenki buguwa ya yi yana tangaɗi? Haƙuri." Ta ɗebi fararen tsakuwoyi, ta jera su nesa-nesa a gefen bakan, yadda ba wanda zai lura. "Abin da ke damuna, me ya sa aka fita a karkace aka dawo a miƙe."

"Me ya sa?"

"Rana nake jira ta gaya min. Kafin nan mu je mu ga masu farar safa."

* * *

Baba Stavros muka fara samu, yana zaune har yanzu yana fuskantar ƙusar. Goggo ta tambaye shi wa ya taɓa nuna kwaɗayin zanen.

"Wa bai nuna ba?" ya ce. "Vella na Melbourne ya taya sau uku, jiya da safe ma ya taya. Likitan haƙorin nan na Adelaide duk shekara sai ya tsaya a gabanta kamar mai neman aure. Glenys kuwa shekara goma sha biyar tana cin raina, wai hasken yamma na shigowa ta ƙofa yana cinye shuɗin rigar, in mayar da ita ɗakin tarihinsu. Dukansu haka suke faɗa, rana, rana, rana. Na ce inda babana ya rataye ta nan za ta zauna."

"Baba," na ce, "ka yarda Col ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Beryl, sawunsa ne."

Wannan ta fi ankwar yi min ciwo. Na fita don kada in gaya wa dattijo abin da zan yi nadama.

Marco Vella muka tarar a gaban otel yana loda mota. Dillali ne, bakinsa kamar an shafa man shanu, kuma wani ya rantse min ya ga motarsa a lungun bayan silima jiya. A kujerar baya ga wani abu mai faɗi an naɗe da bargo. Ban nemi izini ba, na buɗe ƙofa na fizge bargon.

Madubi ne. Fuskata na gani, jajir kamar gauta.

"Kai, Madam Beryl, sannu da aiki," in ji shi. "In kina so zan rage miki, tunda kin riga kin gwada."

"Me motarka ke yi a lungu jiya?"

"Inuwa nake nema mata, ƙarfe tara na safe. Laifi ne? Ni fa in zan yi sata ba zan saci abin da duk mai sana'ar nan ya san fuskarsa ba. Wa zan sayar wa? Wannan zanen ba na sayarwa ba ne, na ɓoyewa ne a ƙarƙashin gado kana leƙawa."

Goggo ba ta dubi madubin ba. Ƙafafunsa take kallo, manya kamar kwale-kwale.

Likita Alistair Penhallow, likitan haƙorin da Baba ya ambata, yana ɗakin cin abinci, siriri mai magana ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗa hotunan taurarinsa yana mayar da su cikin leda ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan matsefi. Safar hannunsa na gefen faranti, a kan babban yatsa ga shuɗin gari. Na cafke ta na ɗaga sama.

"Wannan fa? Daga ina shuɗin alli ya hau safarka?"

Ya fara in-ina, ya yi fari fat. Na ce a raina mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Goggo ta karɓi safar, ta murza, ta shinshina, ta nuna min teburin sunuka da ke lungun ɗakin da ɗan dunƙulen allin da ake goga wa sanda.

"Ka yi wasa jiya, Likita?"

"Na... na ɗan taɓa. Don Allah kada matata ta ji, na yi mata alkawarin na daina."

Da muka fito Goggo ta ce, "'Yar nan, yau kin kama madubi kin kama ɗan sunuka. In kika ci gaba haka kafin azahar za ki kama limamin coci."

Ban yi dariya ba. Ƙanena na kulle a ofishin 'yan sanda, baƙin kuma ƙarfe huɗu za su kama hanya.

Madam Glenys a ɗakin tarihin gari muka same ta, tsohon ginin banki na dutse da ke ƙetaren lungu, mai sanyi kamar randa. Ba ta ce mu zauna ba.

"Beryl, ina tausaya miki, amma hali zanen dutse ne. Na gaya wa Stavros tun ranar da ya ɗauke shi. Ke kuma Dulcie, wannan ai ba neman ɓataccen ɗan maraƙi ba ne. Harkar zane sai wanda ya san zane."

"Gaskiya ne," Goggo ta ce. "Ni ƙasa kawai na sani. Kina wurin gwanjon hotunan da aka yi a otel jiya da rana?"

"Ciwon kai ya kore ni tun ɗaya da rabi, na tafi gida na kwanta. Takalman zamanin da ɗin nan masu tsini su ma sun isa su kashe mutum."

Ta raka mu ƙofa don ta tabbata mun fita. Goggo ta tsaya ɗaure igiyar takalmi a bakin matakala, ta daɗe tana ɗaurewa.

* * *

Saja Hollis da farko ya ƙi. Ya ce magana ta ƙare, ba zai fito da mai laifi don wasan kwaikwayo ba.

"To shi ke nan," in ji Goggo. "Nan gaba in wani ya ɓata a daji, ka ɗauki lambar nan taka ka riƙa nuna wa itatuwa, za su gaya maka inda ya bi."

Ƙarfe biyu ya zo da Col. Wuyan ƙanena da goshinsa sun yi bororo, leɓensa ya tsage. Na dube shi sau ɗaya na kau da kai, don in na ƙara kallo sai an saka min ankwa ni ma. Aka taru a inuwar ƙofar baya: Baba Stavros a kujera, Vella, Likita, Madam Glenys, da 'yan kallo a bayansu, waɗanda ba sa rasa irin wannan.

Goggo ta fito gaba. Ta tsuguna tana kallon fili. Vella ya dubi agogo ya yi tsaki, Madam Glenys ta ce wasu suna da aikin yi. Ni da na san inda tsakuwoyin suke, na ga inuwar tankin ruwa tana rarrafowa a hankali, gefenta mai baka yana matsowa. Biyu da minti ashirin ta kwanta a kan fararen tsakuwoyin, ɗaya bayan ɗaya, kamar an auna.

Goggo ta miƙe. "Ina so in ga tsawon lokacin da mutum zai ɗauka ya kai hoto mai gilashi daga nan zuwa shinge. Baba, a ara min ɗaya."

Ta sa na ciro hoton da ya fi kowanne daraja bayan wanda aka sace, wata tauraruwar fina-finan da ba su da murya, da sa hannunta da jar tawada a ƙasa. Ta miƙa wa Col bayan an cire masa ankwa. Ya riƙe shi a kwance kamar tiren shayi, ya miƙe ta tsakiyar fili, rana na dukan fuskar matar.

"Kai! Kai!" Likita ya yi ihu. "Jar tawada ce! Juya shi!"

"Jahilci," in ji Madam Glenys. "Kun dai gani da idonku."

Vella ya karɓa, ya tuɓe kwat ya lulluɓe shi, ya miƙe ya dawo yana fito. Likita ya manna fuskar hoton a ƙirjinsa ya yi gudu-gudu ta wannan hanyar dai. Baƙi ne, ba su san filin ba, inda suka ga ƙofar shinge nan suka dosa.

"Saura ke, Madam," Goggo ta ce. "Ki nuna musu yadda wanda ya san zane ke yi."

Da ta ƙi da ta tsira, amma Glenys Trembath ba ta taɓa barin damar koya wa mutane abu ta wuce ba. Ta saka safa, ta riƙe hoton a tsaye da hannu biyu, ta bi gindin bango a cikin inuwa. A kusurwa ta tsaya, ta juya wa rana baya, ta yi dogon taku guda zuwa inuwar tanki. Sannan ta bi gefen inuwar tana kewayawa, ƙafar hagu na buɗewa waje saboda ƙugunta da aka yi wa aiki, har shinge. Ta juyo tana murmushi.

"Haka ake yi. Ko ɗigon rana bai taɓa ta ba."

"Haka aka yi jiya ma," in ji Goggo. "Saja, zo ka sunkuya. Ba zai rage maka muƙami ba."

Ta nuna masa sawun jiya da na yau, gefe da gefe, wani wurin ɗaya a kan ɗaya. Tsayawa a kusurwa, dogon taku, bakan, ƙafar hagu. Ta yi magana a hankali yadda kowa zai ji.

"Wanda ya fita da zanen ba mutane yake ɓuya wa ba, da tsakar ranar nan ko kare ba ya waje. Rana yake ɓuya wa. Ba don kansa ba, tunda da ya ajiye kayan ta cikin rana ya dawo a miƙe. Ɓarawon maruƙa ba ya yi wa takarda wannan hidima, kun ga yadda ya ɗauke ta. Inuwar nan kuma sau ɗaya a yini take haɗa bango da shinge, yanzu. Jiya war haka ina waɗannan biyun?"

"Ni nake buga gwanjo," in ji Vella. "Likita na gabana yana ɗaga hannu. Mutum arba'in sun gan mu."

"Takalmi mai tsini ba ya shiga ƙarangiya," Goggo ta ci gaba, "ga na Col a bakin ƙofa, sai aka ara. An dawo aka ajiye masa, aka saka mai tsinin aka fita ta gaba. Na ga ƙasar filin nan a matakalar ɗakin tarihi yau da safe, Madam. Ja ce, ta wajenku fara ce."

Madam Glenys tana tsaye a bakin shinge, har a lokacin ba ta bari hoton ya fita daga inuwa ba.

"Ceton ta na yi," ta ce. Muryarta ko rawa ba ta yi. "Shekara goma sha biyar ina kallon rigar nan tana koɗewa. Kun san yadda shuɗin yake lokacin da nake yarinya? Stavros kashe ta yake yi a hankali, don taurin kai. Tana ɗakin ajiyarmu, a tsaye, a naɗe, ba abin da ya same ta. Nan da shekara ɗari za a gode min."

"Ƙanena fa?" na ce.

"Ban yi niyyar a kama shi ba. Takalman kawai na ara."

"Ke kika fara kiran sunansa!"

"Beryl, ki yi hankali ki duba. Irinta guda ɗaya ce a duniya. Shi kuma ai ya saba da can."

Ban san lokacin da na ratsa filin ba. Col ne ya riƙe ni ta baya, da hannuwan da ankwa ta yi wa shaida. Na ce mata, kuma duk garin ya ji, "Taku arba'in kika lallaɓa takarda don kada rana ta taɓa ta. Jiya mutum ya yi awa ɗaya da rabi a kan kwalta ba hula, kina baranda kina fifita. Dubi wuyansa. Dube shi, Glenys! Wannan ma guda ɗaya ne a duniya, uwarmu ba ta bar min kwafinsa ba."

Ba ta duba ba. Ta miƙa wa Likita hoton ta ce ya riƙe shi a tsaye.

Saja Hollis ya share gumi ya je wurinta. Bai taɓa ankwa ba. "Madam Trembath," ya ce, "ki ɗan jira a nan inuwa, in kawo mota."

"Saja," in ji Goggo Dulcie, "jiya inuwar hutu ta tafi?"

Ba wanda ya yi dariya, shi kuma ya wuce ɗauko mota.

* * *

Da yamma aka dawo da Mai Shuɗiyar Riga. Baƙi suka kama hanya da hotunansu a cikin leda. Mutanen gari suka watse ɗaya-ɗaya, babu wanda ya tsaya ya ce wa Col ko sannu. Goggo ta ƙi karɓar komai sai shayi, ta ce a ƙara sukari, ta tafi abinta.

Baba Stavros ya kira Col. Ya kama hannunsa ya daɗe yana riƙe da shi. Daga ƙarshe ya miƙa masa guduma.

"Kai za ka rataye ta, ɗana. Inda ka ga dama."

Ni dai so na yi ya mayar da ita kan tsohuwar ƙusar, rana ta cinye ta har ta zama fara fat, Glenys ta ji labari a duk inda take. Na gaya masa haka. Col ya dubi ƙusar, ya dubi hasken yamma da ya shigo ta ƙofa ya kwanta a bangon. Sai ya ɗauki zanen a tsaye da hannu biyu, ya kai shi bangon da ke bayan matakala, inda haske ba ya kaiwa, ya buga sabuwar ƙusa.

"Don me?" na ce. "Bayan duk abin da aka yi maka saboda ita?"

Ya taɓa wuyansa a hankali.

"Rana ba daɗi, Yaya. Na ɗanɗana."

Shi ya huce, ni ban huce ba, kuma ba na jin zan huce. Na san kowace fuska da ta tsaya a barandar nan ranar Asabar. Har yau in ɗayansu ya zo kantata neman shayi, sai in zuba masa, in nuna masa teburin da ke waje a bakin kwalta, wanda ba shi da laima.